Yuranis Ta Bar Gawarmu a Tsakiyar Titi

"Ke Yuranis, ki tsaya wuri ɗaya mana, kada in soke ki da fil!"

Ina! Kafaɗunta sai girgiza suke yi, hawaye na zuba a kan baƙar rigar da na ɓata idona wajen ɗinka mata. Yau Talata, ranar ƙarshe ta bikin Karnabal, ranar da kowace unguwa a garinmu Barranquilla take ɗaukar Joselito nata, gawar wasa, zuwa kabari. Kowa ya san halin mutumin nan: tun Asabar yake sha yana rawa, Talata ya faɗi matacce, matansa su cika titi da kururuwar ƙarya, baɗi kuma ya tashi ya ɗora daga inda ya tsaya. Ni Nohemí na tsufa ina ɗinka wa matan Joselito kayan makoki, amma ban taɓa ganin wadda ta fara kuka tun daga cikin ɗaki ba sai 'yar wana.

"Tía, gobe zai tafi," ta ce da ni goggonta, tana nufin saurayinta. "Dairo ya samu aiki a jirgin ruwa a Cartagena. In ya hau, sai bayan shekaru."

"Kin kira shi?"

"Ya toshe lambata. Na je shagon waldarsu, a kulle. Na aika masa, ya ce ba shi da abin da zai ji daga bakin matar likita."

Ta kifa kanta a kafaɗata, ni kuwa raina ya ɓaci. Mace mai shekara ashirin da shida, nas a asibiti, tana danna wa ƙarti allura ko ido ba ta ƙiftawa, amma a gaban ubanta sai ta koma kamar kazar da ruwa ya doka.

Asalin abin ma haushi yake ba ni. Wana Abelardo da Efraín Cantillo, uban Dairo, tare suka kafa ƙungiyar rawa ta layinmu, kwano ɗaya suke ci. Wata shekara suka yi faɗa a kan wanda zai riƙe tuta a gaba. Tuta fa, ƙyalle a jikin sanda! Efraín ya saɓi gangarsa ya koma layin baya ya kafa tasa ƙungiyar. Da ya rasu, matarsa Doña Petrona ta gaji ƙungiyar ta haɗa da gabar. Sai ga shi duk samarin garin nan, zuciyar Yuranis ba ta ga kowa ba sai ɗan gidan.

Ranar Asabar da ta wuce, muna tsakar gida ana raba wa 'yan rawa farfesu bayan fareti, Abelardo ya miƙe ya ɗaga hannun Wilfrido Barraza, likitan haƙori, ya ce ga surukinsa. Kafin yarinya ta haɗiye abin da ke bakinta, Wilfrido ya zura mata zobe. Aka ɗauki tafi. Dairo kuwa yana tsallaken titi da ganga a rataye, yana kallo.

"Me ya hana ki magana a lokacin?" na tambaye ta, karo na barkatai.

"In ƙaryata Papi a gaban mutanensa? Tía, bakina ne ya mutu. Na ɗago kai na ga Dairo ya juya baya, shi ke nan."

Ƙofa ta buɗe. Abelardo ne cikin rigar fadan coci da na ɗinka masa da tsohon labule, bokiti a hannu ɗaya, burushin yayyafa ruwa a ɗaya. Shi ne fadan jana'izarmu kowace shekara.

"Yawwa 'yata, haka nake so!" ya ce da ya ga idonta. "Bana ke ce uwargidan Joselito. In kika yi irin wannan kukan a gaban alƙalan gasa, kofin ya bar gidan Petrona ke nan."

"Papi, ina son magana da kai."

"In a kan yaron can ne, na riga na gama magana."

"Papi, ba na son Wilfrido. Ban taɓa son sa ba. Ka dube ni, don Allah, ka dube ni da kyau."

Ya ajiye bokitin a hankali. Na fi tsoron wana idan ya sassauta murya.

"Tun da uwarki ta rasu, wa ya kai ki makaranta? Wa ya koyi tufke miki gashi da hannayen nan? Na taɓa roƙon ki wani abu? Abu ɗaya na ce, ɗaya tak: jinin Cantillo ba zai shigo min gida ba. Likitan zuciyata ya ce in guji ɓacin rai. In so kike akwatin da ke waje ya zama nawa, ki ci gaba."

Ta rushe da kuka. Ya shafa kanta, ya ɗauki bokitinsa ya fice. Na raka bayansa da harara, don na san ciwon nan nasa ba ya tashi sai an zo zancen Dairo.

A ƙofar gida akwatin gawa na kan benci, Joselito namu kuma na zaune a ciki yana duba fuskarsa a waya. Wilfrido ne. Abelardo ya ba shi wannan matsayi don unguwa ta san shi. Ya sha farin kwat, an shafe masa fuska da garin masara, an cusa masa auduga a hanci.

"Sarauniyata!" ya ce da ya hango Yuranis, murya na fita ta hanci. "Ki yi min kuka mai kyau, kin ji? Amma kada ki jingina da kwat ɗin, sabo ne."

Ko kallon sa ba ta yi ba, ta saki baƙin mayafi a fuskarta.

"Likita, saurare ni," in ji Abelardo. "Daga lokacin da aka ɗaga akwatin nan har mu wuce rumfar alƙalai, ko ƙuda ne ya shiga kunnenka, kada ka motsa. Gawar da ta motsa ta kayar da unguwarta. Ka gane?"

"Yallaɓai Abelardo, ni da nake yini a sunkuye a bakin mutane? Ka kwantar da hankalinka."

Sarewa ta tsaga iska, ganguna suka amsa, aka ɗaga gawa.

Kai, jama'a! Shekara nawa ina bin jana'izar nan, amma duk lokacin da muka karya kwana muka hau babban titi sai tsigar jikina ta tashi. Mutane maƙil hagu da dama, wasu a kan rufi, wasu a kan bishiya. Ana watsa gari, ana fesa kumfa, fari da baƙi duk an koma launi ɗaya. Mai sayar da arepa, wainar masara, yana soya yana kaɗa ƙugu. Wata tsohuwa ta ɗaga sandarta sama tana rawa, jikarta na riƙe da ita ta baya.

Matanmu suka buɗe maƙogwaro.

"Wayyo Joselito! Ka tafi ka bar ni da 'ya'ya goma sha uku!"

"Ƙarya kike, munafuka, mijina ne! Jiya ma a ɗakina ya ci abinci!"

Wannan ta biyun mahaucin layinmu ne, ƙato mai gashin baki, ya sa baƙin siket ya cusa matashi a ciki. Ya zube a ƙasa yana birgima wai ya suma, mutum huɗu suka kasa ɗaga shi. Abelardo na gaba yana yayyafa wa 'yan kallo ruwa yana addu'ar da ba a taɓa ji a coci ba. Ni kaina na manta da ciwon gwiwa, na yi kuka na yi rawa har ɗankwalina ya kwance.

Yuranis kaɗai take tafiya shiru a gefen akwati. Ina jin shessheƙarta ta ƙarƙashin mayafi, kuma ni kaɗai na san tata ba ta wasa ba ce.

Muna dab da rumfar alƙalai muka ji wani kiɗan yana tahowa ta titin dama. Tun kafin in ga jar tutar na san su ne. Ayarin Petrona. Mu da su muka iso mararraba lokaci guda, babu mai niyyar ja da baya. Makaɗanmu suka ƙara wuta, nasu suka ƙara, 'yan kallo suka haukace da ihu don sun san tarihin.

Petrona na gaba cikin baƙi tun daga kai har ƙafa, gajeriyar mace amma muryarta ta fi sarewa.

"A ba gawar mutunci hanya!"

"Tamu ta riga taku mutuwa!" in ji mahauci.

Sai na lura da wani abu: babbar gangarsu ba a hannun Dairo take ba, wani ne yake dukan ta. Kafin in gama mamaki, masu ɗauke da akwatinsu suka sauke shi ƙasa-ƙasa don su gyara kafaɗa. Na ji Yuranis ta damƙi hannuna har farcenta ya shige ni.

An shafe fuskar da gari, an sa auduga, amma hannayen da aka harɗe a ƙirji babu mai ɓoye su. Hannun mai walda ne, duk tabon tartsatsi.

"Tía," ta ce a hankali, "ba zai iya guduwa ba."

"Me kika ce?"

"Gawa ba ta motsi. Yau dole ya saurare ni."

Kafin in riƙo ta, ta tsallaka mararrabar da gudu, ta bar Joselito namu a sama ba mata. Ta ratsa matan Petrona, ta zube a gwiwa ta rungume bakin akwatinsu.

"Dairo! Dairo, ni ce!"

Titi ya kece da dariya. Wani daga kan rufi ya yi ihu, "Uwargida ta yi ɓatan miji!" Alƙalai ma suka miƙe suna leƙe, sun zaci sabon salo aka zo da shi bana.

Ta fizge mayafin ta jefar. Da aka ga fuskarta, dariyar na kusa ta fara mutuwa.

"Ba wasa nake yi ba. Kowa ya ji, ba wasa nake yi ba! Dairo, ka toshe wayata, ka kulle shagonka, to ga ni a titi. Na yi shiru ranar Asabar, na sani. Tsoro ne ya kama ni. Ban ce na yarda ba, na rantse da Allah ban ce ba, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Tun ranar ban ci ba, ban yi barci ba. Kai kuma ko tambaya ta ba ka yi ba! Ka gan ni daga tsallaken titi ka yanke hukunci. Haka ake yi? Shekara uku muna ɓuya a tashar bas kamar ɓarayi, rana ɗaya ta isa ka shafe ni?"

Gawa ba ta motsa ba. Amma na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

Petrona ta iso ta kama kafaɗarta. "Ke 'yar Abelardo, tashi min daga kan ɗa. Ga taku gawar can tana jiran ki."

"Doña Petrona, ki mare ni in kina so, ba zan tashi ba. Ɗanki nake so. Tun ina zuwa sayen ƙanƙara a shagonki kina kora ta nake son sa."

Ganguna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A cikin shirun nan ne muka ji wata murya ta hanci daga sama.

"Yuranis! Wane irin iskanci ne wannan?"

Muka waiwaya. Joselito namu ya tashi zaune a cikin akwati, a kan kafaɗun mutane, yana nuna ta da yatsa.

Wayyo Allah! Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Masu ɗauke da shi suka firgita, akwati ya karkace, likita ya zamo ya dira da mazaunai a cikin kumfa, audugar hanci ɗaya ta yi tsalle. "Ya tashi! Joselito ya tashi tun baɗi ba ta yi ba!" Mahauci ya dafe cikinsa na matashi yana dariya har da hawaye. Na ga babban alƙali ya girgiza kai. Kofinmu ya tafi.

Wilfrido ya taso yana ɗingishi, farin kwat ya koma tsumma.

"A gaban duniya za ki tozarta ni? A kan mai walda? Kin san zoben da ke hannunki daga Miami ta Amurka aka kawo shi?"

Ta zare shi ta miƙa masa. "Ashe ya san hanya. Ya koma."

'Yan matan da ke bakin titi suka saki guɗa. Ya tsaya riƙe da zobe yana neman wanda zai goya masa baya, bai samu ba, sai ya kutsa cikin jama'a ana bin sa da gari.

Sannan Abelardo ya taho. Mutane suka dare masa. Babu bokiti, babu burushi, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Na san halin wana.

"Yuranis. Tashi mu tafi gida."

"Papi..."

"Kin zubar min da kofi, kin zubar min da mutunci, duk na yafe. Tashi yanzu. In kuwa kika bari na juya baya kina durƙushe a nan, ki nemi wani uban."

Ta dube shi, hawaye wani na korar wani. Sai ta juya ga akwatin.

"Ka ji, Dairo. Na bar zobe, ga shi ina shirin barin gidanmu. Ba ni da sauran abin da zan bari. In har gobe za ka hau jirgin nan, ka ci gaba da kwanciya, su wuce da kai, ni kuma in bi Papi, ba za ka sake gani na ba. In kuwa kana so na, ka tashi. Yanzu, a gaban kowa, yadda ni na kasa yi ranar Asabar."

Rumfar alƙalai ga ta nan, jifa ɗaya. Tamu gawar ta riga ta kayar da mu, kofi na hannun Petrona, ɗagawa kawai za su yi su wuce. Matan ayarinsu suka fara raɗa, "Kada ka motsa, Dairo! Don girman Allah kada ka motsa!" Masu ɗauka suka sunkuya za su kama akwati.

Hawaye biyu suka gangaro daga rufaffun idanunsa, suka tsaga farin garin har kunne.

Petrona ta gani. Ta daɗe tana kallon fuskar ɗanta, sannan ta ɗaga hannu ta dakatar da masu ɗauka. Ta sunkuya ta zare masa audugar hanci da kanta, ta ɗora masa duka a ƙirji.

"Tashi, sakarai! Kofuna sun cika min kabad, ɗa kuwa kai kaɗai gare ni. Ka zaci ina son ka tafi teku ne?"

Bai jira ta rufe baki ba. Ya diro daga akwatin ya ɗago Yuranis, gari na zuba daga kansa a kan baƙar rigarta.

"Na ji komai," ya ce. "Tun da kika kira sunana nake son tashi. Ki yafe min, Yura. Ba inda za ni. Jirgin ya tafi da wanda ya ga dama."

Titi ya ɗauka! Makaɗanmu da nasu suka saki kiɗa tare ba wanda ya ba su umarni. Aka yi ta fesa musu kumfa. Ni kuwa na yi guɗa har muryata ta dushe, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Amma Abelardo na tsaye inda yake. Da Yuranis ta gan shi sai murnarta ta tsaya a wuya. Ta saki Dairo, ta je ta durƙusa a gabansa cikin kumfa.

"Papi, ka sa min albarka."

Tun da yarinyar nan ta iya magana, ba ta taɓa faɗin haka bai amsa nan take ba. Yau ya yi shiru. Kiɗan ya sake lafawa. Ya dubi Dairo tun daga kai har ƙafa, ya daɗe a kan fuskar, kuma na san abin da yake gani, don yaron kamar an tsaga kara da ubansa.

"Ba a titi nake aurar da 'yata ba," ya ce daga ƙarshe. "Mai son ta ya zo gidana ranar Lahadi, ta ƙofar gaba, shi da uwarsa. Ban ce na yarda ba. Na ce ya zo."

Yuranis ta ɗago da sauri, fuskarta ta haskaka. Dairo ya buɗe baki zai yi godiya, sai Petrona ta shiga tsakaninsu. Tsayinta bai wuce ƙirjin wana ba, amma sai da ya ja da baya.

"Ƙafata ba za ta taka gidanka ba, Abelardo."

"Mami, don Allah!" in ji Dairo.

"Yi min shiru. Kai, fadan ƙarya, shekara nawa kana raka gawar wasa kana yayyafa mata ruwa? Ranar da aka fito da Efraín a akwatin gaske, ta ƙofar gidanka aka wuce da shi, ka rufe taga. Yana jinya yana tambaya ta, 'Abelardo ya zo?' Ni kuma ina ce masa kana hanya. Ka fara zuwa ka gaishe shi inda yake kwance, sannan in kawo maka ɗansa. In ba haka ba, su yi ta son junansu har su tsufa."

Yuranis na durƙushe, hannunta ɗaya riƙe da gefen rigar ubanta, ɗayan a cikin hannun Dairo, tana kallon bakin Abelardo. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai fizge rigarsa ya tafi, don ban taɓa ganin an faɗa wa wana magana a bainar jama'a ya haɗiye ba.

Ya cire hular fadan ya riƙe ta a ƙirji. Da ya yi magana, da ƙyar na gane muryarsa.

"Petrona," ya ce, "a ina kuka binne shi?"